Wasiƙa zuwa Gembu, kan ɗan tsuntsun da ka gani a kurmi

Sakkwato,
tsakiyar bazara.

Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi. Na biya ta Mabera bayan sallar Juma'a na duba Baba. Ƙafar ta yi sauƙi, har yana takawa masallaci da sandarsa. Inna ta ce in gaya maka wai tun da ka hau dutse ka daina jin kiran na ƙasa, don haka ka neme ta kafin ta kai ƙararka wurin Baffa.

Kukan sanyin da kake yi kuwa, Likita ka ji tsoron Allah. Mu nan tun da hantsi ba a iya taɓa sirdin babur, ma'aunin zafi na haura digiri 42 kafin azahar, wuta sai a kawo a ɗauke, duk unguwa a tsakar gida ake kwana, kai kuma kana can kana cigiyar bargo na biyu. Ai lissafin a fili yake. Sakkwato tana wajen mita 300 ne sama da teku, ku kuna wajen 1,600, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6. Ƙara da ruwan da ke sauka muku, wajen milimita 1,800 a shekara, mu kuwa in mun sami 700 sai godiya. To wannan sanyi da hazon da ka tsana, su ne gidan tsuntsun da ka aiko mini hotonsa.

Hannunka ya yi rawa wajen ɗauka, amma abin da ake buƙata ya fito. Baya toka-toka, maƙogwaro da ciki farare, baƙin layi ya gitta ƙirji daga kafaɗa zuwa kafaɗa, kwiɓi ja irin na jar ƙasa, ga doguwar jela mai farin gefe. Abin da ya ƙarasa mini hujja shi ne bayaninka: ka ce su biyu ne, can ƙasa-ƙasa cikin sarƙaƙiya a bakin rafin da ka tsaya wanke takalmi bayan allurar shanu, kuma suna ɗaga jela sama suna kaɗa ta dama da hagu. Afalis ne, irin mai baƙin layi a ƙirji, wanda masana ke rubutawa Oreolais pulcher. Ni a littafi kawai nake ganinsa, kai da ba ruwanka da tsuntsu in ba zabo ba, shi ne Allah ya kai ka gabansa. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ka tambaye ni ko ana ci. Na yi dariya, don mai gadin makarantarmu, wani tsoho ɗan Wurno, ya taɓa ganina ina bin irin waɗannan ƙananan da madubin hangen nesa a bakin shinge, ya tsaya ya dube ni ya ce, "Malam, wanga ɗan abu da kaka bi, ai ko miya ba shi yi." Gaskiyarsa. Tsawon afalis ɗin nan daga baki zuwa ƙarshen jela wajen santimita 12 ko 13 ne, kuma jelar ce ta cinye kusan rabi. Abincinsa ƙwari ne da tsutsotsin ganye da gizo-gizo, yana bi reshe-reshe yana tsinta daga ƙarƙashin ganye. Ba ya hawa ƙololuwar itace, ba ya fita fili. Miji da mata sukan riƙe ɗan yankinsu na kurmi su zauna nan rani da damina.

Yana da dangi a nan gida, kuma ka san ɗaya daga cikinsu ko da ba ka taɓa kula ba. Ka tuna lambun Kawu na bakin fadama, inda muke zuwa satar gwaiba? Akwai wani ɗan tsuntsu mai tokar baya da fikafikai kore-kore da ke kuka cikin duhuwar lemo har mutum ya waiga neman ɗan akuya. Kamaroftera ke nan, gidansu ɗaya da afalis a lissafin masana. Daminar da ta wuce na samu sheƙarsa a lambun. Ba sama take ba, ko ƙuguna ba ta kai ba. Ganyaye ne ɗanyu, suna nan manne da reshensu, ya huda gefensu da baki, ya zura zaren gizo-gizo ta hujin, ya jawo su suka haɗu suka zama ɗan aljihu, wani ganyen kuma ya rufe sama don ruwa. A ciki ya shimfiɗa lallausar ciyawa. Da yake ganyen bai bushe ba, kana iya wucewa kusa da ita kullum ba ka san da sheƙa a wurin ba. Ni ma uwar ce ta tona kanta, na gan ta da tsutsa a baki tana shiga wuri ɗaya tana fita. Na durƙusa na leƙa, sai ga bakuna a wangale. Ban taɓa ba, na ja da baya.

Bambancin shi ne kamaroftera ba ya zaɓen wuri. Daga Senegal har Habasha, duk inda ɗan duhun itace yake, yana nan. Na wajenku kuwa ba haka ba. A duk faɗin Nijeriya sai a tsaunukan da kake, Mambila da duwatsun Gotel inda Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse a ƙasar nan tsawo da mita 2,419. Sai kuma ƙetaren iyaka, tsaunukan Kamaru irin su na Bamenda. Daga nan sai ya ɓace. Ba za ka sake ganinsa ba sai ka tsallake fiye da kilomita 2,000 zuwa gabas: tsaunukan gabashin Kwango, da na Imatong a Sudan ta Kudu, da dutsen Elgon tsakanin Yuganda da Kenya, da tuddan Kenya. A tsakani akwai dajin Kwango, wanda ya fi kowane daji a Afirka girma, amma ba ya ciki, don dajin ƙasa ne mai zafi.

Nan ne abin yake ɗaure kai. Tsuntsun da ke ƙyashin tsallake makiyaya guda, yaya aka yi yana Gembu kuma yana Kenya? Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, ba shi ya yi tafiyar ba, dajin ne ya yi. Sun haƙo laka daga gindin tafkuna sun duba ƙurar furen da ta kwanta ciki shekaru dubbai, suka ga yanayin duniya ya sha juyawa, wani zubin sanyi wani zubin ɗumi. Sanyin baya-bayan nan mai tsanani ya kai ƙololuwarsa wajen shekaru 20,000 da suka wuce. A irin waɗannan lokuta itatuwan kan dutse sukan sauko ƙasa su bazu, tazarar da ke tsakanin wannan tsauni da wancan ta ragu, tsuntsayen su bi. Da ɗumi ya komo, dajin ya janye ya koma sama, kowane rukuni ya maƙale a kan nasa dutsen. Ka san yadda gulbin Rima ke yi in ya cika ya malale fadamar Kwalkwalawa, sannan ya janye da kaka: sai ka tarar da tarwaɗa iri ɗaya a wannan tafki da wancan, alhali busasshiyar ƙasa ce a tsakaninsu. To haka. In kana ganin abin ya yi kama da tatsuniya, ka tuna hamadar da ke arewa da mu ma ta taɓa zama makiyaya. Zanen raƙuman dawa na nan a jikin duwatsun Dabus, arewa da Agadas.

Yanzu ka kwatanta shi da baƙin da ke cikin gawo a nan, a daidai wannan wata. Da asuba nakan fita bayan gari ta hanyar Dundaye, inda har yanzu akwai sauran gawo a gonaki. Ka san halin gawo, ya kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Saboda haka shi ne ke tara ƙwari, ƙwari kuma su tara tsuntsaye. A cikinsu akwai wani ɗan rawaya-rawaya mai siririn baki, Phylloscopus trochilus, nauyinsa bai cika wuce giram 10 ba. A Turai yake ƙyanƙyasa, har can Siberiya. Da kaka ya tsallako Bahar Rum da Sahara, yanzu kuma yana hanyar komawa. Ka gan shi ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido, ci kawai yake, yana tara kitse, don yashin da ke gabansa ya haura kilomita 1,500 kuma babu abin tsinta a ciki. Yawanci da dare suke tashi, da rana su fake a inuwar dutse ko ɗan tsiro. In ka dubi fiffikensa, dogo ne mai tsini. Na afalis gajere ne mai zagaye, na kutsawa cikin sarƙaƙiya. Kowa da abin da aka halitta shi da shi.

Su ma matafiyan ba su tsira ba. A 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila suka wayi gari wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da suka saba gani a kowane shinge ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, a shekara guda. Suka yi ta neman dalili a gonakinsu ba su samu ba. Ashe a nan wajenmu abin ya faru: damina ta gaza a yankin Sahel a 1968, mafarin farin da ya kai mu ga bala'in 1973, wanda su Baba ke ba da labarin yadda shanu suka ƙare. Abin da ya kashe shanun shi ya kashe tsuntsayen. Amma duk da haka mai dogon fiffike yana da dabara. In nan ta ƙi, ya gusa kudu, kuma sannu a hankali wasu suka farfaɗo. Afalis ba shi da kudu, ba shi da arewa. Ƙasa zafi, sama kuma dutse ya ƙare. In kurminsa ya tafi, shi ke nan.

Kuma kurmin ai ka gan shi da idonka. Ka ce mini Mambila duk ciyawa ce, tudu bayan tudu, sai ɗan zirin itatuwa a kwazazzabai inda ruwa ke bi. Wannan zirin shi ne duka duniyar tsuntsun. Kai ka fi ni sanin abin da ya kai shanu can: tsando ba ya son sanyin sama, saboda haka sammore bai cika damu ba, ga ciyawa ga ruwa. Wane makiyayi ne zai ga haka ya ƙi hawa? Da rani a sa wa tsohuwar ciyawa wuta don sabuwa ta tofo. Wutar ba ta cinye kurmi gaba ɗaya, don cikinsa da danshi. Bakinsa take lasa, bana taku biyu, baɗi taku uku. Shanu su shiga shan ruwa da neman inuwa, su tattake 'yan itatuwan da za su gaji manya, su buɗe sarƙaƙiyar ƙasa. Daga nesa sai ka ga kurmi na tsaye da manyan itatuwansa, amma ƙarƙashinsa fayau. Shi kuwa wannan tsuntsu a ƙarƙashin yake zaune.

Kada bishiyoyin turaren da suka kewaye Gembu da Nguroje su ruɗe ka ka ce ai itace na ƙaruwa. Daga Ostareliya aka kawo su, suna da amfaninsu wajen katako da itacen girki, kuma na yarda suna rage wa kurmi gatari. Amma shiga ƙarƙashinsu ka tsaya ka saurara. Ƙwarin ƙasar ba su saba da ganyensu ba, ƙasan kuma ba ta yin duhuwa. Mu ma haka muka yi da dogon yaro. Ba na zaginsa, don ba don shi ba da Sakkwato ba ta zaunu da bazara. Sai dai in na tsaya ƙarƙashin gawo guda nakan ga baƙin tsuntsayen da ba na gani a layin dogon yaro sukutum.

Na san halinka, Likita, yanzu za ka ɗauki zafi ka je ruga ka fara wa'azi. Kada ka soma. Maganar ƙasa da kiwo a Mambila ba ta wasa ba ce, an zubar da jini a kanta a 2017, kuma kowane ɓangare na da nasa miki. Kai baƙo ne, aikinka ya dogara da yardar kowa. Sannan mu Sakkwatawa da wane baki? Tsaya bakin hanyar shigowa gari da yamma ka ga motocin itace da buhunan gawayi. Dazukan da kakanninmu ke faɗa da zaki da giwa, yau ko zomo sai an yi sa'a. Alaƙarmu da wurin ma tsohuwa ce, ka sani: yankin yana ƙarƙashin Jamus da farko, sannan riƙon Ingila, sai a ƙuri'ar 1961 mutanen suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna saboda Sa Ahmadu Bello. Har yau ƙaramar hukumar da kake aiki sunan take ɗauke da shi. Sarautar gidanmu ce a kan takardar albashinka, saboda haka ka riƙe mutunci.

Abin da nake gani kana iyawa ƙarami ne, kuma cikin aikinka yake. Ardo ba zai bar ƙona ciyawa don tsuntsun da ko miya ba ya yi ba, ni ma da ni ne ba zan bari ba. Amma ya san rafin da ke kafewa a watan Fabrairu da wanda ba ya kafewa, kuma in ka tambaye shi, zai gaya maka da bakinsa cewa mai kurmi a kansa shi ke riƙe ruwa. Ka kuma san mashayar da aka tattake ta zama caɓi ita ce matattarar ciwon hanta da ciwon kofato. To daga nan za ka shigo. A share ɗan fili kewaye da kan rafi kafin a sa wuta, a kuma ware wa shanu mashaya guda a can ƙasa maimakon su shiga ta ko'ina. Ribar garkensa ce. Tsuntsun ya ci albarkaci, ba sai an ambace shi ba.

In ka sami hutun ƙarshen mako, ka daure ka je Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, ba nisa da hanyar da ka hawo daga Serti. An keɓe shi tun 1969. Faɗin wurin wajen murabba'in kilomita 46 ne, amma ainihin dajin bai kai 10 ba, sauran ciyawa ce. Duk da haka yana cikin mafi kyawun abin da ya rage na irin wannan daji a ƙasar nan, har da sauran birai cimfanzi a ciki. Akwai tashar bincike a bakinsa, wadda Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan ta kafa a shekarun 2000. Mahaifinta ma'aikacin gandun daji ne da ya zagaye dazukan nan a shekarun 1970. Abin da nake so ka gani shi ne wuraren da suka kewaye da waya suka hana wuta da shanu shiga, ka kwatanta ciki da waje. Ka kuma nemi samarin ƙauyen da ke aiki da su. Su ne ke sanin kowane itace da kowane kuka, kuma rakiyarsu ta fi littafina amfani.

Ka fita da sassafe kafin iska ta taso. Ka sa tufa mai duhu, ban da farar rigar aikin nan taka. Kada ka shiga tsakiyar daji, bakin kurmi za ka samu ka zauna, ka yi shiru, su za su zo. Akwai wani kuma da nake kwaɗayi, ɗan ja-ja mai kalar ƙasa da ake kira da sunan yankin Bangwa na Kamaru, Bradypterus bangwaensis. Shi ya ma fi afalis ƙuncin duniya, don tsaunukan Kamaru da na gabashin Nijeriya kaɗai gare shi, babu wani reshe a Kenya. Da wuya ka gan shi, ɓoyo ne da shi, a ƙasa yake rarrafe cikin ciyayi. Kukansa za ka ji: sauti ɗaya yake maimaitawa, ya fara a hankali yana ƙara ƙarfi. In ka ji haka, kada ka wahalar da kanka da hoto. Ɗaga waya ka naɗi muryar, ka riƙe numfashi, ka bar ta ta yi ko rabin minti, sannan ka faɗi sunan wurin da lokaci a ƙarshe. Zan sa wa ɗalibaina su ji, sauran kuma in tura wa masu tattara bayanan tsuntsaye na cibiyar Leventis da ke Jos, don daga ɓangarenku ba kullum suke samun mai aiko musu ba. Yaran nan sun haddace sunayen dabbobin ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba, amma in na ce musu a Nijeriya akwai inda ake hura wuta a ɗaki don sanyi a watan Agusta, sai su ɗauka zolaya ce.

Maganar filinka na Arkilla, na je na gani. Maƙwabcin ya fara aza tubali amma bai shigo maka ba, na dai sa an ƙara kafa turaku a kusurwar gabas. Kuɗin da ka turo na bikin ƙanwarka sun iso, na damƙa wa Inna hannu da hannu, an kuma tsayar da rana bayan Babbar Salla, saboda haka ka fara neman izini tun yanzu, kada ka zo mana da labarin hanya ta lalace. In za ka taho ka riƙo mini ganyen shayin Kakara, da zuma in ka sami ta kirki. Ni kuma zan ajiye maka kilishi, in yara sun bari.

Ka gaishe da uwargida da yara, da duk abokan aiki. Maiɗakina na gaishe ku. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Naka,
Malam.